Yadda Iya Karatu Ke Tasiri a Jinyar Hawan Jini da Ciwon Suga

Zazzaɓin cizon sauro, in an dace da magani mai kyau, kwana uku ya ishe shi. Hawan jini da ciwon suga da sikila kuwa zama suke yi da mutum iya rayuwarsa. Majinyacin da ya taso daga Lajawa ya je Babban Asibitin Wudil, ko aka tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, 'yan mintuna kawai zai yi a gaban likita. Sauran jinyar, ta wata guda ko biyu, a gida zai yi ta, daga shi sai ledar magani da katin asibiti. A nan ne iya karatu ke yin aikinsa.

Mu fara da ledar. Sunan magani da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa duk da Turanci aka rubuta su. Wanda ba ya karatu da ido yake gane maganinsa: “ƙaramin farin nan da safe, dogon kuma da daddare.” To, amlodipine, wanda ake yawan bai wa masu hawan jini, akwai mai miligiram 5, akwai mai 10, kuma kowane kamfani da kwalinsa. Ranar da aka sauya kamfani, sai lissafi ya rikice. Wani ma yakan karɓi magani a asibiti, ya sayi irinsa a kemis da wani suna, ya haɗa su yana sha, a zatonsa magani biyu ne.

Sai maganar lamba. Hawan jini bai cika yin alama ba. Awo ne ke tona shi, in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko fiye. Mai karanta katinsa yana ganin lambar na sauka in ya riƙe magani, tana hawa in ya yi sakaci. Wanda bai iya ba, jikinsa kaɗai yake saurare. Da ciwon kai ya lafa sai ya ce ya warke, ya ajiye magani, ita kuwa cutar tana ta ɓarna a ɓoye, har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Mai ciwon suga kuma nasa haɗarin biyu ne. In ya yi wasa da magani suga ya hau, ya taɓa ido da ƙafa. In ya sha irin su glibenclamide bai ci abinci ba, kamar yadda kan faru da azumi, suga ya faɗi, sai gumi da karkarwa, wani lokaci har suma.

Bincike ya nuna tasirin iya karatu a irin wannan jinya. A 2002 Dakta Dean Schillinger da abokan aikinsa sun duba masu ciwon suga 408 a San Faransisko ta Amurka, suka gano cewa waɗanda ke shan wahalar karanta bayanan lafiya sun fi kasa saita sugansu, sun kuma fi samun lalacewar ido. Wani binciken na 2006, a Amurka shi ma, ya ƙara da wani abu: cikin masu raunin karatu, kusan bakwai cikin goma sun karanta umarnin shan ƙwaya biyu sau biyu a rana daidai, amma da aka ce su ƙirgo ƙwayoyin yini guda, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka yi daidai. Ke nan furta rubutu daban, fahimtarsa daban.

Ba a ce karatu ne komai ba. Tsadar magani da kuɗin mota zuwa Wudil ko Kano suna hana mai digiri ma zuwa asibiti. Kuma kuskure ne a kira dattawan karkara jahilai. Da yawansu sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu suna rubuta wasiƙa da ajami. Asibiti ne ba ya rubutu da haruffan da suka sani. Tun Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, zuwa Hukumar Ilimin Manya da Jihar Kano ta kafa a 1980, ana ƙoƙarin koya wa manya boko, amma mai ciwo ba zai jira ya gama aji kafin ya sha magani ba.

Gyaran ba shi da tsada. Maimakon “kin gane?”, wanda kunya kan sa a amsa da “eh”, ma'aikaciyar jinya ta ce, “Inna, nuna mini wanda za ki sha da safe, guda nawa?” A rubuta umarni da Hausa, boko ko ajami, a zana rana da wata a jikin leda. A cikin gida kuma a ɗora wa ɗan makaranta ko 'yar Islamiyya alhakin duba ranar komawa asibiti da rubuta sakamakon awo a littafi.

Kai kuma mai jinya ko mai kula da shi, duk ranar ganin likita ka kwashi magungunan gaba ɗaya, har na kemis da na gargajiya, ka ajiye su a gabansa. Kada ka tashi sai ka san sunan ciwon, da lambar awon ranar, da abin da kowace ƙwaya take yi. Matambayi ba ya ɓata.