Damuwar matasa: me wayar salula za ta iya, me ya fi ƙarfinta?

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da wannan karin magana aka raine mu: ɗa na kirki shi ne mai haɗiye abin da ya dame shi, ba ya kai kuka gaban mahaifi, ba ya ɗaga ido ya dubi babba. Tarbiyya ce mai kyau, amma wani lokaci takan rufe ciwo har ya ci ƙarfin mai shi. Duk mai ɗa a koleji ko lise ya san yadda yaro kan sauya: abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, makin jarrabawa ya zube, ya koma kwana a fada. Uba na kasuwa ko na biro, uwa na zargin iska ko sammu, shi kuwa yaron abokin hirarsa guda ne, wayar da ke hannunsa.

Ganin haka ne masana suka shiga ƙera manhajar waya, wadda muke kira aplikasiyon, domin tallafa ma matasa masu ƙuncin rai. Kafin irin waɗannan kaya su cika wayoyin ɗiyanmu, ya kamata mu san yadda ake bambanta mai amfani da mai cutarwa.

Girman matsalar

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, guda na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kisan kai na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke ran masu shekara 15 zuwa 29. A ƙasarmu Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai, kuma sunan Pavillon E na babban asibitin ƙasa kaɗai ya isa ya sa iyali su ɓoye ɗansu, don gudun a ce mahaukaci ne. Yaron da bai sami mai sauraronsa ba yakan sami mai saida masa taramol.

Yadda OMS ta ƙera tata

OMS na da wata manhaja mai suna STARS. Ba a ofis aka zauna aka yanke siffarta ba. An bi matasa masu shekara 15 zuwa 18 a wurare daban-daban, cikinsu har da Afirka ta Kudu da Pakistan, ana nuna masu samfuri, suna gyarawa, ana sake dawowa. Abin da ya fito shi ne hira a rubuce tsakanin yaro da na'ura, zama goma gajeru, inda yake koyon gane halin da zuciyarsa ke ciki, da saisaita numfashi in hankali ya tashi, da rarraba babbar matsala zuwa ƙanana. Abin lura shi ne, duk amsar da na'urar ke badawa masana ne suka rubuta ta tun farko. Ba a bar ta ta ƙago magana daga kanta ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. A shekara ta 2024, a jahar Florida ta Amurka, wata uwa ta kai kamfanin Character.AI ƙara bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, tana zargin cewa ya shafe watanni yana hira da na'urar kamfanin, ba wanda ya ankarar da kowa.

Sharuɗɗa huɗu a ƙasarmu

Na farko shi ne harshe. Yaron Tasawa ko na Madawa ba da faransanci yake baƙin ciki ba, kuma da yawa daga cikin matasanmu sun bar lakwal da wuri, ko ba su taɓa shiga ba. Duba yadda saƙon murya ya mamaye WhatsApp. Manhajar da za ta yi aiki a nan sai ta yi magana da baki, cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, da kalmomin da ba su da ƙyama. Yaro zai yarda yana da yawan tunani ko rashin barci. Ba zai danna inda aka rubuta taɓin hankali ba.

Na biyu shi ne tsada. Wanda ke sayen kiredin dala ashirin ba zai ƙarar da shi a kan manhaja mai nauyi ba. Dole ta kasance marar nauyi, mai aiki ko babu rezo, kuma a tanadi lambar kira kyauta domin masu ƙaramar waya.

Na uku shi ne sirri, kuma nan ne haɗari ya fi yawa. A gidajenmu waya guda kan zaga hannu biyar. Ƴan mata da yawa da wayar inna ko ta yaya suke amfani. Saƙo guda da ya faɗo a idon wanda bai kamata ba na iya jawo duka, ko ya ɓata maganar aure. Kamfanoni ma ba duka ke riƙe amana ba. A 2023 hukumomin Amurka sun sa kamfanin BetterHelp biyan dalar Amurka miliyan 7 da dubu 800, bisa zargin miƙa bayanan masu neman taimako ga Facebook da makamantansa domin talla. A ƙasar Finlan kuwa, a 2020, an gano cewa an sace bayanan majinyata kimanin dubu 33 na cibiyar Vastaamo, ɓarawon ya riƙa neman kuɗi daga hannunsu don kada ya tona asirinsu. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, tare da hukumar HAPDP. Duk manhajar da za ta karɓi sirrin ɗiyanmu ya wajaba ta bi ta wannan ƙofa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran, shi ne mutum a bayan na'ura. In yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ba lokacin darasin numfashi ba ne. A take ya kamata a haɗa shi da ma'aikacin lafiya mai amsa waya. Kuma ba lalle sai babban likita ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya soma a 2006 horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti, suna sauraron masu abin da Shonawa ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da su ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 50 ne. Mu ma muna da wannan dukiya. Abin da yaro ba zai faɗa ma ubansa ba don kunya, yakan faɗa ma kaka cikin wasa, ko gwaggo, ko kawu. Manhaja ta ƙwarai ita ce mai tambayar yaro: wa ka yarda da shi? sannan ta taimaka masa ya sami bakin soma maganar.

Kira ga iyaye

Saboda haka, Alhaji ɗan kasuwa da za a zo ma da neman jari, da ma'aikacin da takardar izini za ta biyo ta teburinsa, ga tambayoyi huɗu: da wane harshe take magana, nawa za ta ci ma yaro, ina sirrinsa ke zuwa, kuma wa ke ɗaukar waya da ƙarfe biyun dare? In ba a amsa ta ƙarshen ba, sauran duk ado ne.

Mu kuma iyaye, mu da muka sayi wayar muka miƙa, kada mu sallama mata aikinmu. Labarin zuciya a tambayi fuska: mu dubi fuskokin ɗiyanmu, mu zauna, mu saurara kafin mu yi faɗa. Allah shi shirya mana zuri'a, shi ba su kwanciyar hankali.