Bugun tambari a jikin biro da kofuna: Me ke sa rubutu gogewa, kuma yaya ake gyarawa?

A duk lokacin da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote ko Makarantar Horar da 'Yan Sanda da ke Wudil suka yi bikin yaye ɗalibai, iyalai da ƙungiyoyi kan raba biro, kofuna da maƙalan makulli masu ɗauke da suna da tambari. Haka ake yi a bukukuwan aure da kakar zaɓe. Sai dai sau da yawa ba a mako guda rubutun ya fara ɓarewa, mai kaya ya zargi mai bugu da ha'inci, mai bugu kuma ya ɗora laifin a kan tawada. Alhali galibi matsalar tana cikin yanayin ɗakin aiki da irin robar da aka yi bugun a kanta.

Yadda na'urar ke aiki

Abu mai lanƙwasa kamar biro ba ya shiga injin buga takarda. Ana amfani ne da na'urar bugun dangwale. Tana da faranti da aka sassaƙa zanen a kansa, zurfinsa kusan kashi ɗaya cikin 40 na milimita. Wani kofi da aka kife a kan farantin yana cika ramin da tawada, bakinsa kuma ya share saura. Daga nan curin robar silikon mai laushi ya sauko ya ɗauki zanen, ya je ya dangwala shi a jikin kayan.

Masu ƙera agogo a Suwizalan sun daɗe suna buga lambobi ta wannan hanya, amma sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Wilfried Philipp, wanda ya kafa kamfanin Tampoprint a Jamus, ya shigo da robar silikon.

Asirin aikin yana cikin 'yan daƙiƙu. Da zarar iska ta taɓa tawadar da ke cikin faranti, tina ɗin da ke samanta ya fara bin iska, sai ta yi danƙo ta kama roba. Kafin robar ta isa jikin kayan, ɗaya gefen ma ya yi danƙo, sai tawadar ta saki roba ta kama kaya. Duk abin da ya gaggauta wannan bushewa ko ya jinkirta ta, ya ɓata bugu.

Hunturu, bazara da damina

Masu haɗa tawada kan ba da shawarar a yi aiki a ɗaki mai zafin kusan digiri 20, da laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Yankin Kano bai cika samun haka ba. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, a hunturu kuma laima kan faɗi ƙasa da kashi 20.

A bazara tawada na bushewa tun tana cikin faranti, sai ƙananan haruffa su fito a gutsure. Maganinsa shi ne a ƙara tina kaɗan-kaɗan, ko a sa irin mai jinkirin bushewa, a kawar da fanka daga kan na'ura, a kuma yi aikin da sassafe.

A hunturu abokan gaba biyu ne. Ƙura na manne wa roba ta bar ƙananan ramuka a cikin rubutu. Busasshiyar iska kuma na tara lantarki a jikin roba, irin wanda ke yi wa mutum tartsatsi idan ya tuɓe riga, sai tawada ta fitar da siraran zare a gefen haruffa. Rufe tagogi, yayyafa ruwa a daɓe da goge kaya kafin bugu na rage duka biyun.

A damina akasin haka ake gani: tawada ba ta yin danƙo da wuri, tana maƙalewa a jikin roba, rubutu ya yi dishi-dishi. A nan sai a rage tina, ko a rage saurin na'ura.

Ba kowace roba ke riƙe tawada ba

Yawancin kofuna, bokitai da kwanukan roba masu rahusa da ake saya a kasuwannin Kano ana yin su ne da nau'o'in roba biyu masu santsi da ba sa karɓar tawada. Ana gane su daga gindin kayan, inda ake samun lamba 5, 2 ko 4 cikin alama mai kusurwa uku. Irin waɗannan sai an gilma musu harshen wutar gas na ɗan lokaci, ko an shafa musu sinadarin share fage, sannan a buga ba tare da jinkiri ba.

Ƙarfe da gilashi kuwa suna buƙatar tawada mai haɗi biyu, wadda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa. Bayan an haɗa ta, kusan awa 8 take da shi kafin ta lalace, ta kuma ɗauki kwanaki kafin ta gama kama jiki. Wanda ya ajiye ragowar jiya ya yi aiki da ita yau, ya sayi asara da kuɗinsa.

Kula da roba da lafiya

Ba a kankare curin roba da tsumma ko reza. Salatif ake manna masa a ɗaga, ya kwashe ƙura da busasshiyar tawada. Idan ramukan rubutu suka ƙi ɓacewa, a gwada curi mai tauri da tsinin kai, domin shi ke korar iska yayin da yake sauka. A ajiye shi nesa da rana.

Tina na kama wuta, tururinsa kuma na sa ciwon kai da jiri, don haka ɗakin na buƙatar mafitar iska, kuma kada a ajiye janareto kusa da gwangwanaye.

Ga mai ba da aiki, akwai gwaji mai sauƙi. A nemi samfuri guda kafin a biya kuɗin dubu, a bar shi ya kwana biyu, a manna salatif a kan rubutun, a fizge da ƙarfi. Idan tawada ta biyo salatif ɗin, to kada a ci gaba da bugun sai an gyara.