Baƙin da ƙwaya ke kawowa: su wane ne masu maye ke gani?

A kasuwa ko a gaban alƙali, in mutum biyu masu gaskiya suka shaida abu, to magana ta zauna. A shekarar 2020 kuwa masu bincike na jami'ar Johns Hopkins ta ƙasar Amurka sun bayyana shaidar mutum 2,561, kowanensu yana cewa ya yi ido huɗu da wata halitta mai rai da hankali, wadda ba mutum ba ce, ba kuma dabba ba. Sai dai dukansu sun yi wannan gani ne bayan sun zuƙi hayaƙin wani sinadari da ake kira DMT. Tambayar da ta tsaya wa masana a wuya ita ce: wane nauyi ya kamata a ba shaidar da yawanta ya kai haka, alhali kowane mai ba da ita yana cikin maye?

Asalin sinadarin

Wani masanin haɗa magunguna mai suna Richard Manske shi ne ya fara haɗa DMT a ƙasar Kanada cikin shekarar 1931, ba tare da ya san aikin da yake yi wa hankali ba. Sai a 1956 wani likita na birnin Budapest a ƙasar Hangari, Stephen Szára, ya yi wa kansa allurarsa, ya gane cewa yana jefa mutum cikin gane-gane.

Amma mutanen kurmin Amazon, a Amurka ta Kudu, sun riga likitoci saninsa da nisa. Bokayensu suna dafa ganyen wani ice mai ɗauke da DMT tare da wata kurangar daji, su fitar da wani ruwa mai ɗaci da ake ce wa ayahuasca. Hikimar haɗin ita ce, in aka sha DMT shi kaɗai, hanji da hanta suna ruguza shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Kurangar ce ke hana wannan ruguzawa, har mayen ya ɗauki awoyi. A 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a birnin Viyana ta saka DMT cikin jerin ƙwayoyin da aka fi tsananta haninsu, sai bincike a kansa ya yi sanyi kusan shekara ashirin.

Abin da ya ba likita mamaki

Tsakanin 1990 da 1995 wani likitan taɓin hankali, Rick Strassman, ya sami izinin gwamnatin Amurka ya gwada DMT a asibitin jami'ar New Mexico. Ya yi wa mutum kamar 60, waɗanda suka yarda don kansu, allura wajen sau 400. Aikin da ya sa gaba shi ne awon bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki. Mayen yana kai maƙura cikin minti biyu, ya wuce kafin rabin awa.

Abin da likitan bai shirya masa ba shi ne labarin da mutanen suke bayarwa in sun farfaɗo. Kusan rabinsu sun ce sun tarar da wasu suna jiransu. Wasu sun ga wadanni masu wasa da dariya. Wasu sun ga manyan ƙwari ko halittu masu kama da kada. Wasu sun ce an kwantar da su cikin wani ɗaki mai na'urori ana dudduba jikinsu, kamar yadda likita ke duba marar lafiya. Da aka gaya musu cewa mafarki ne, da yawa sun ƙi yarda. Sun ce sun san mafarki, wannan dabam ne.

Binciken Johns Hopkins ya ƙara wa maganar alƙaluma. Kashi 81 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce abin da suka gani ya fi musu rayuwar yau da kullum zama gaskiya. Kashi 69 cikin 100 sun ce halittar ta ba su saƙo. Mafi yawansu sun ce mai alheri ce, ko da yake kamar mutum huɗu cikin goma sun ji tsoro. Fiye da rabin waɗanda a da suke cewa babu Allah sun bar wannan ra'ayi bayan haɗuwar. Abin da bai kai rabin awa ba ya juya wa mutane aƙidar da suka riƙe shekara da shekaru.

Sai dai akwai inda wannan shaida ta yi rauni. Ta intanet aka yi tambayoyin, kuma waɗanda aka gayyata tun farko su ne masu cewa sun ga halitta. Galibinsu maza ne Turawa. Wanda ya sha bai ga kowa ba, ba a ƙirga shi ba.

Kowa da irin baƙonsa

In aka jera labaran ƙasashe dabam-dabam, wani abu yana fitowa fili. Mutanen Amazon sun fi ganin damisa da manyan macizai da iskokin itatuwa. Raimundo Irineu Serra, wanda ya kafa ɗariƙar Santo Daime a jihar Acre ta ƙasar Barazil cikin shekarun 1930, ya taso cikin addinin Katolika. Da ya sha ayahuasca sai ya ce Nana Maryamu ce ta bayyana gare shi. A ƙasar Gabon, mabiya al'adar Bwiti suna cin ɓawon saiwar wani ice mai suna iboga, wanda sinadarinsa ya bambanta da DMT, don su gana da kakanninsu da suka rasu, kuma kakannin suke cewa sun gani. Ba'amurken da ya tashi cikin finafinan jiragen sararin sama kuwa yakan ga baƙi daga wata duniya da injuna masu rai, musamman tun da marubucin nan Terence McKenna ya yayata labarin wadannin inji a littattafansa da laccocinsa.

Ashe baƙon yakan zo ne sanye da tufafin gidan da ya sauka. Waɗanda suka gaskata da halittun suna amsawa da cewa kowa yana fassara abin da ya gani da sunayen da ya sani. Masu shakka kuma suna cewa inda aka ga kayan mai gida a jikin baƙo, sai a bincika ko ba mai gidan ba ne da kansa.

Abin da aka gano cikin ƙwaƙwalwa

DMT yana kama da serotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, don haka yana shiga gurbinsa kamar makullin da ya yi daidai da kwaɗon wani. A 2019 masu bincike na Imperial College ta Landan sun auna wutar ƙwaƙwalwar mutum 13 da aka yi wa allurarsa. Sun ga kaɗawar da aka saba gani ga mai hutawa ido rufe ta faɗi ƙwarai, wata mai kama da ta mai mafarki ta taso, alhali mutumin a farke yake.

Jin cewa akwai wani a kusa kuma, an tabbatar ana iya tayar da shi ba da ƙwaya ba. A 2006 likitoci a ƙasar Suwis, ƙarƙashin Olaf Blanke, suna duba wata matashiya mai farfaɗiya, sai suka taɓa wani gefe na hagu na ƙwaƙwalwarta da ƴar wutar lantarki. Nan take ta ce akwai mutum a bayanta yana kwaikwayon zamanta. In an ɗauke wutar ya ɓace, in an mayar ya dawo. Tun a 1760 ma Charles Bonnet na birnin Janeba ya rubuta yadda kakansa, wanda idanunsa suka mutu amma hankalinsa garau, yake ganin mutane da tsuntsaye da karusai suna wucewa. Duk wanda dannau ya taɓa kamawa cikin barci ya san yadda ake jin wani tsaye a kai, ga jiki ya ƙi motsi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam a ɗane take wajen neman fuska da motsin mai rai, domin wanda ya ɗauki igiya maciji ya tsira, wanda ya ɗauki maciji igiya shi ke shan sara.

Ƙasar Hausa ma tana da nata misali, wato zaƙami, wanda sunansa na biyu ya isa gargaɗi: haukata yaro. Sinadaransa ba dangin DMT ba ne, kuma aikinsu ya fi muni. Wanda ya sha yakan yi ta hira da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu a ƙasa, ga maƙogwaro a bushe, ga zazzaɓi, ga ƙwayar ido a buɗe. Ba ya gane cewa maye ne, sau da yawa ba ya tuna kome in ya warware, wani kuma ba ya tashi. Masu kallonsa babu wanda ke tantama cewa shi kaɗai ne a ɗakin, shi kuwa zai iya rantsewa yana da baƙi.

Tabbacin zuciya da hujja

A nan ne maganar shaidu ta dawo. Ƙarfin tabbacin da mutum ke ji shi ma abu ne da ƙwaƙwalwa ke haifarwa, kuma ƙwaya tana iya hura shi kamar yadda take hura launi da sauti. Har yau babu gwajin da ya nuna cewa wata daga cikin halittun nan ta faɗa wa mai maye wani abu da bai sani ba, wanda aka je aka duba aka same shi haka. Na'urar likita ba ta yanke hukunci a kan gaibu. Abin da ta auna shi ne aikin sinadari a jikin mutum.

Duk da haka ciniki ya kankama. Turawa suna tururuwa zuwa birnin Iquitos na ƙasar Peru, suna biyan kuɗi mai yawa don su sha ayahuasca, kuma an sami waɗanda suka rasa ransu a irin wannan tafiya. Haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa yana da haɗari, iboga kuma ya sha tsayar da zuciyar masu cinsa. Faransa ta haramta ayahuasca a 2005, alhali kotun ƙolin Amurka a 2006 ta bar wa wata ɗariƙa mai asali daga Barazil damar shansa cikin ibadarta. Jami'o'in da ke gwada DMT a matsayin maganin ciwon damuwa ba sa karɓar wanda ke da tarihin taɓin hankali, shi ko danginsa na kusa, don sun san akwai ƙofar da in ta buɗe, rufe ta sai an sha wuya.

Ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya a kan rantsuwar dillali, sai ya kwance buhu ya gani da idonsa. Shaidu 2,561 sun isa su tabbatar da cewa ganin yana faruwa, kuma yana girgiza mai yinsa har ƙarshen ransa. Wanda aka gani ɗin kuwa, buhunsa yana nan a ɗaure.