Wane "Dokta" Ne A Gabanka? Maganar Likitan Iyali Daga Funtua Zuwa Malumfashi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar likita zan yi, kuma zan tsaya ne a yankinmu na noma, daga Funtua ka bi ta Bakori har Malumfashi, ka haɗa da su Danja, Kafur, Dandume da Faskari. A nan kalmar "Dokta" ta yi araha. Mai kemis Dokta ne, yaron da ke ɗaura ƙarin ruwa Dokta ne, mai ɗibar jini a ɗakin gwaji ma Dokta ake ce masa. Girmamawa ce, na sani. Amma ranar da za a yi wa matarka tiyata, ko za a ɗora mahaifinka kan maganin da zai riƙa sha kullum, ya kamata ka san wane Doktan ne a gabanka.

Bari mu fara da hanyar da mutum ke bi kafin ya zama likita a Najeriya. Shekara 6 zai yi a jami'a ya fito da digirin MBBS, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano. Digirin kaɗai bai ba shi damar buɗe ɗaki ya fara ganin marasa lafiya ba. Hukumar MDCN, wadda ke kula da likitoci da likitocin haƙori a ƙasar nan, za ta fara yi masa rajistar wucin gadi, ya je ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci a asibitin da aka amince da shi, yana zagaya ɓangaren manya, na yara, na mata da na tiyata. Sai ya gama wannan za a ba shi cikakkiyar rajista da lambarsa, sannan ya tafi bautar ƙasa. Kuma lasisin aiki duk shekara ake sabunta shi. Wanda ya yi karatu a waje, a ce Sudan ko Masar ko Yukren, sai ya zauna jarrabawar hukumar ya ci kafin ya taɓa mara lafiya a nan.

To ina likitan iyali ya shigo? Da yawanmu mun ɗauka duk likitan da bai ƙware a komai ba shi ne likitan iyali. Ba haka abin yake ba. Fanni ne mai zaman kansa, kamar yadda tiyata ko kula da yara suke. Bayan duk abin da na lissafa, likita zai ci jarrabawar shiga, ya koma asibitin koyarwa irin na Shika ko na Malam Aminu Kano ya ƙara shekara 4 zuwa 6 yana horo, da manyan jarrabawa biyu da rubutun bincike. Kwalejoji biyu ne ke ba da wannan shaida: kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, da kuma kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma. Shi ya sa za ka ga an rubuta FMCFM ko FWACP a bayan sunan wani. In ka lissafa, shekara 12 ke nan ko fiye tun daga ranar da ya shiga jami'a.

Gaskiyar magana, masu irin wannan shaidar ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane, wasu ma sun tafi Saudiyya ko Ingila. Wanda za ka fi samu a babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, ko a asibitin kuɗi na cikin gari, likita ne mai MBBS da cikakkiyar rajista. Wannan cikakken likita ne, kuma a aikace aikin likitan iyalin yake yi, ko da bai kai matsayin konsoltan ba. A ƙauye kuwa, malamin asibitin da ke ƙaramin asibitin gwamnati yawanci jami'in lafiyar al'umma ne, irin waɗanda makarantar Kankiya ke yayewa, ko nas, ko ungozoma irin ta makarantar Malumfashi. Kada wani ya raina su. Su ke riƙe da rigakafi da awon ciki da maganin zazzaɓin yara a wuraren da likita bai taɓa kwana ba, har da garuruwan da matsalar tsaro ta sa hanya ta yi wuya. Kowannensu da hukumarsa da lasisinsa, kuma da iyakar da aka shata masa. Shi ma mai kemis lasisinsa na sayar da wasu magunguna ne da aka ƙayyade. Allura da ƙarin ruwa ba sa ciki, balle a kai ga wuƙa.

Yanzu mu zo kan aikin, don nan ne na fi son mu daɗe. Me likitan iyali ke yi da ya bambanta shi da wanda kawai zai ji bayaninka ya rubuta magani?

Abu na farko, ya san ka. Yana da katinka, ya san awon jininka na bara, ya san mahaifinku shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, ya san matarka ta yi jijjiga a cikin fari. Ɗauki hawan jini misali. Cuta ce da ba ta cika ba da alama ba, mutum yana ɗaukar buhun masara lafiya lau alhali awonsa ya wuce 140 bisa 90 da nisa. In yau ka je wannan kemis, gobe wancan asibiti, jibi wajen mai magani a kasuwar Dandume, kowa zai ba ka na ciwon kai ka tafi. Wanda ke ganinka wata bayan wata shi ne zai lura cewa awon nan hawa yake yi, ya ɗora ka kan magani, ya canza in bai karɓe ka ba, ya sa a duba ƙodarka tun kafin a fara maganar wankin ƙoda. Haka ciwon suga yake, haka awon ciki.

Na biyu, ya san sana'arka da yanayin garinku. Likitan da ya zauna a yankin auduga da masara da waken soya ya san damina lokacin feshi ce. In aka kawo masa matashi daga gona yana zufa, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na sarƙewa, tunaninsa zai fara zuwa kan gubar maganin ƙwari, ya sa a tuɓe masa kayan a wanke jikin, ya nemi allurar da ke karya gubar. Ba zai tsaya ana ɗura masa madara ko manja ba. In sarar maciji ce, ya san kububuwa na hana jini daskarewa, sai ya ɗibi jini a kwalbar gilashi mai tsabta ya ajiye minti 20 ya gani, maimakon a tsaya tsaga da ɗaure ƙafa. Ya kuma san manomi na shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac kamar gyaɗa lokacin huɗa da girbi, kuma wannan na cin ciki da ƙoda, don haka zai tambaya ko ba ka faɗa ba.

Af, tun da na ambaci maciji: da yawa cikin matasan Malumfashi ba su san sunan garinsu na cikin mujallun likitanci na duniya ba. A shekarun 1970 an gudanar da wani babban aikin bincike a yankin, tare da masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila, kan cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro, tsargiya da sarar maciji. Gida gida aka riƙa bi ana ƙirga mutane ana rubuta abin da ke damunsu. Likitan iyali na ƙwarai ƙaramin irin wannan aikin yake yi a kan mutanen da ke hannunsa.

Sai na uku, wanda a ganina ya fi duka: ya san inda iyawarsa ta tsaya. Ni dai in na ga likitan da bai taɓa cewa "wannan ya fi ƙarfin nan, ku wuce Shika" ba, tsoronsa nake ji. Asibitin koyarwa na Shika yana kan hanyar Funtua zuwa Zariya, akwai kuma asibitin koyarwa na tarayya a Katsina. Likitan kirki zai rubuta maka takarda mai bayanin abin da ya gani da abin da ya riga ya ba ka, ya tura ka da wuri, in ka dawo ya karɓi bayanin can ya ci gaba da kula da kai. Na bogi kuwa ba ya turawa, domin turawar asarar ciniki ce, kuma tana iya tona masa asiri. Zai riƙe mara lafiya yana ta ƙarin ruwa har sai jiki ya rikice, sannan a ce a nemi mota da daddare.

Akwai wata alama kuma. In duk wanda ya shiga wuri ya fito da sakamako iri ɗaya, wato "maleriya da taifot", da leda cike da allurai, to a yi hattara. Gwajin maleriya na yatsa minti 15 zuwa 20 ne kawai. Shi kuma tsohon gwajin taifot ɗin nan da aka saba yi, likitoci sun daɗe da sanin yana yawan nuna cuta inda babu ita, shi ya sa mai ilimi ba ya dogara da shi shi kaɗai.

To ya za ka tabbatar? Ka tambaya, cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, a ina aka yi karatu? Lasisin bana fa?" Likita na gaske yana da lambar rajista, kuma ba ya jin haushin a tambaye shi. Asibitin kuɗi dole ya yi rajista da ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma takardar ta kamata ta kasance inda ido zai gan ta. Ka duba sunan da ke jikin takardar, ka duba ko shi ne mutumin da ke ganinka, don wani wurin sunan likita ne kawai a bango, shi yana wani gari, yaransa ke aiki. Kada ku ce wannan zargi ya yi yawa. A 2015 an gano wani mutum a ma'aikatar lafiya ta tarayya a Abuja da ya shafe shekaru yana aiki a matsayin likita da takardun abokinsa. Idan hakan ta faru a hedikwata, ina ga lungun da jami'in sa ido bai taɓa takawa ba?

In kuma an yi maka ba daidai ba, akwai inda ake kai ƙara. Hukumar MDCN na da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke rajistarsa. Wanda ba likita ba ne ma yake aikin likita, laifi ne a doka, maganarsa ta 'yan sanda ce da ma'aikatar lafiya ta jiha.

Ku da kuke karanta wannan a waya, yawanci ku ne ake kira in jikin Baba ko Inna ya motsa, ku ne masu raka su asibiti. Ku samar musu likita ɗaya da za su riƙa komawa wurinsa, ku adana katin da takardun gwaji a leda ɗaya, ku ɗauki hoton kwalin duk maganin da suke sha, har da na gargajiya, ku nuna masa a kowane zuwa.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku, awa nawa ake yi kafin a kai ga likita mai rajista? Sai mun haɗu a shiri na gaba.