Abin da Kofin Ruwa Zai Gaya Miki Kafin Ki Zuba Jarinki

'Yan uwa mata, yawancin sana'o'in da muke karɓar rance dominsu a ƙungiya da ruwa ake yin su: zoɓo, kunun aya, koko, sabulun ruwa. Sai dai ba kowane abu ne ruwa ke narkarwa daidai da wani ba. Wadda ta san bambancin ba za ta riƙa asarar kaya ba, kuma da wuya a cuce ta a kasuwa.

Mu ɗauki lita 1 ta ruwa, wato leda 2 ta fiya wata.

Sukari shi ne gwani. Lita 1 tana iya shanye kusan kilo 2, in ruwan zafi ne kuma ya ninka haka. Shi ya sa mai zoɓo ta fi dacewa ta narkar da sukarinta a ɗan ruwan zafi kafin ta sa ƙanƙara. In ta bari sai ya yi sanyi, sukarin zai kwanta a gindin bokiti, ta yi ta ƙarawa tana cewa bai ji ba. Ribarta ce ke kwance a ƙasa.

Gishiri kuwa kamar giram 360 kawai lita 1 ke ɗauka. Ko kin tafasa ruwan, abin da zai ƙaru kaɗan ne.

Kanwa tana narkewa, amma a hankali. A daka ta, a jiƙa, a tsiyaye ruwan, a bar ƙasar da ta kwanta.

Gasara da garin dawa ba sa narkewa, haɗuwa kawai suke yi da ruwa. Ki dama ki ajiye, za ki ga sun kwanta. Man gyaɗa kuma sama yake tasowa. Yashi ko motsi ba ya yi.

To ina amfanin wannan?

Na farko, gwajin kaya. Kafin ƙungiya ta sari buhun gishiri ko sukari, a zuba cokali 1 a kofin gilashi, a juya. Mai kyau zai ɓace. In an ga yashi ko gari a ƙasa, a dakata da biya. Haka takin yuriya: na gaske yana narkewa tas, har kofin ya yi sanyi a hannu. Amma kada a yi wa takin NPK hukunci da wannan gwajin, don ko mai kyau ne yakan bar ɗan saura.

Na biyu, lafiyar yaranmu. In yaro na gudawa kuma babu ledar ORS a kusa, a samu tsaftataccen ruwa lita 1, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a toza ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A juya har sai ba a ganin komai a ƙasa. Kada a ƙara gishiri don an ga ya narke, yawansa yana cutar da yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma kai shi asibiti.

Aikin taro mai zuwa: kowace ta zo da abu ɗaya daga cikin kayan sana'arta. Za mu jera kofuna, mu gwada tare, sakatariya ta rubuta abin da muka gani.