Yadda shekarar girbi ke yanke darajar giyar inabi a Faransa

A yankin Bordeaux da ke kudu maso yammacin Faransa, shekarar da aka rubuta a jikin kwalbar giyar inabi tana nuni ne da lokacin girbi, kuma ita ce ke yanke farashi. Shekarar da inabi ya samu rana isasshiya da ruwa daidai gwargwado, giyarsa kan fito da bauri da tsamin da ke ba ta damar jure doguwar ajiya. Masana harkar na sanya 1982 da 2005 da 2009 da 2010 da 2016 cikin irin waɗannan shekaru. A 2013 kuwa ruwan sama ya yi yawa, sai giyar ta fito ba ƙarfi, ta zama ta sha da wuri.

A nan ne mai saye yake lissafinsa. Giyar shekara mai rauni tana da araha, kuma ba ta bukatar jira. Ta shekara mai kyau daga manyan gidaje, irin su Lafite Rothschild da Latour da Margaux, waɗanda ke sahun farko a jadawalin 1855, kan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ta nuna. Mafi yawan giyar da ake sayarwa a duniya an yi ta ne domin a sha cikin 'yan shekaru, ajiye ta asara ce.

Ajiyar ma tana da sharuɗɗa: wuri mai duhu, sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin salshiyas ba, kwalba kuma a kwance domin kada toshiyarta ta bushe iska ta shiga. Zafi na lalata ta cikin ƙanƙanin lokaci.

Masu ajiya domin riba sun sha ɗanɗana kuɗarsu. Bukatar attajiran Sin ta cilla farashin Bordeaux sama har zuwa 2011, daga nan ya faɗi, waɗanda suka saya da tsada suka tafka asara. Akwai kuma jabu: a 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara 10 saboda cika tsofaffin kwalabe da giya mai araha yana sayarwa da sunan manyan gidaje. Shi ya sa dillalai ke neman takardar da ke nuna inda kwalba ta zauna tun fitowarta daga gona kafin su taya ta.