Ganuwar Elmina da Rabon Hausawa a Tarihinta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in an ce ganuwa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne irin ta Kano ko ta Katsina, wadda aka kewaye gari da ita don tsare mutanensa. Amma a bakin tekun Gana, a garin Elmina, akwai wata ganuwa ta dutse wadda aka gina don tsare dukiya. Bayi kuwa suna cikin abin da aka ƙidaya a dukiyar.

Turawan Fotugal ne suka gina ta a shekarar 1482 saboda cinikin zinariya. A 1637 Turawan Holan suka girke igwa a kan wani tudu da ke fuskantarta, suka ƙwace ta. A hannunsu ta zauna har 1872, lokacin da ta koma hannun Ingila. A 1979 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya.

Mai ziyara yakan fara da ɗakunan ƙasa, masu duhu da ƙarancin iska, inda ake tsare bayi, maza daban, mata daban. Daga nan sai a kai shi wata ƙunƙuntar ƙofa mai duban teku, wadda bawan da ya fita ta cikinta ba ya komowa. In ya hau bene kuma, sai ya tarar da masaukin gwamna, yalwatacce, iskar teku tana kaɗawa.

To, ina ruwan Bahaushe da wannan wuri? A 1863 Kyaftin Glover ya kafa wata runduna ta Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Daga cikinsu aka kai wasu Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, kuma a 1873 suka yi yaƙi da Asante a gefen Elmina. Da irinsu aka kafa rundunar tsaron Gwalkwas a 1879, wadda ita ce tushen sojan Gana. Wato waɗanda suka tsere wa bauta, su ne suka zo suka riƙe wa Bature bindiga a ƙofar tsohon gidan bayi.

Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya taso daga Taura ko Dutse ya je Elmina, bai kamata ya tsaya ga kallon igwa da ɗaukar hoto ba. Wani yanki ne na tarihin kakanninsa ya je ya tarar.